Ƙarar da Na Ce Daga Sama Take

Matso nan kusa, ja tabarmar ka zauna, maganar da zan yi ba ta ɗaga murya ba ce. Ni mai surutu ce, kowa ya sani, 'yan gidanmu har cewa suke idan na yi shiru a duba jikina. Amma wannan ɗin shekaru na yi ina kewaye ta. Da ba don ɗan yaƙi da jahilcin da na yi da girmana ba, wanda ya sa nake iya ɗora biro a takarda, da tana nan a cikina har a kai ni makwanci.

Ban san duniya ba. Daga gidan ubana aka kawo ni gidan mijina, tsakaninsu gonaki uku ne, kana tsaye a bayan danga kana hango rimin ƙofar gidanmu. Kasuwar Tofa ma sai in shekara ban leƙa ba. Abin da Allah Ya ba ni shi ne kunne. Ina cikin ɗaki zan gaya maka wace ce ke daka a maƙota, kuma gero take surfawa ko dawa. Idan mai tukwane ya zo, ni matan unguwa suke kira, in ƙwanƙwasa da ɗan yatsa in ce wannan ɗauki, wannan bar ta, tana da tsaga ko da ido bai gani ba. Ban taɓa kuskure ba, kuma ina ji da abin, ba zan ɓoye maka ba.

Mijina yana da ƙane, autan Inna, wato uwar mijina. Shi tun yana saurayi ya ƙi fartanya ya tafi birni, ya shiga cikin makaɗan otal. Jita yake kaɗawa, amma ba mai zaƙin muryar nan ba, wata doguwa mai tsirkiya huɗu masu kauri, bes suke ce mata. Ita kaɗai ba ta da murya sai an jona ta da waya a jikin wani baƙin akwati da ya kai ƙugun mutum, shi ne amfilifaya. Akwatin hawa biyu ne. A sama wayoyi da maɓallai suke, a ƙasa kuma wata babbar lasifika mai faɗin faifai, da wani rami a gefenta kamar bakin tulu, wai ta nan iska take fita. Idan ya taɓa tsirkiyar, a ƙirji kake jin abin kafin ya iso kunne.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ga damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa daidai gero na fitar da kai. Otal ta sallami makaɗanta. Ya dawo gida da jita a baya da akwati a kan amalanke. Baba, mahaifinsu, ya tsaya a zaure ya ce shi ya shigo, amma wannan kaya ya kwana a waje. Inna ta yi ta magiya. A ƙarshe a ɗakina aka ajiye akwatin, don ni kaɗai ce mai daɓen siminti, gara ba za ta ci shi ba. Na lulluɓe shi da tsohon zane na ɗora fitila a kai.

Ni da shi dama akwai wasa, ka san tsakanin mace da ƙanen mijinta. Ina ce masa raggo, yana ce mini Yaya mai kunnen zomo.

A gandu muke, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ni da facalata, matar ɗan'uwan mijina, muke karɓa-karɓar girki. Kullum da safe Inna ce ke auna gero da wata 'yar ƙwarya tata, ta shafe bakin da tafin hannu don kada ya yi toliya, ta miƙa wa mai girki. Sau ɗaya ake ci a yini. A lokacin ina da yarinya da na yaye, ƙafafunta sun zama kamar kara, gashinta ya yi ja. Wata rana na zuba geron a turmi, kafin in sa ruwan surfe hannuna ya damƙi cikin tafi ɗaya na ƙulle a gefen zane. Ban shirya ba, wallahi. Amma ranar girkina ta gaba na shirya.

Inda zan ɓoye ne ya zama aiki. Babu tukunya ko kwano a ɗakina da Inna ba ta buɗewa idan ta shigo aro. Abu ɗaya ne duk gidan ba mai taɓawa, akwatin da Baba ya ƙi. Ina da gwangwanayen madara masu murfi guda uku, tun na lokacin da ake shan shayi. Na ga suna shiga ramin nan na gefen lasifika cif-cif. Nan na riƙa tarawa, ina ɗiba kaɗan-kaɗan ina yi wa yarinyar kunu a 'yar tukunya, in an tambaya in ce jiƙon magani ne.

Tuwon ranar girkina ya fara ƙanƙancewa. Inna ta juya malmala a hannunta ta ce, "Geron bana duk dusa ne, ba ya auki." Sannan ta tura nata gaban jikoki ta ce ita bakinta ba daɗi. Ni kuwa daga inda nake zaune ina jin kukan cikinta. Wannan kunnen dai.

Wata Laraba saƙo ya zo wa ƙanen mijina daga birni. Wani tsohon abokin kiɗansu ya sami wurin da za su riƙa wasa, yana neman mai bes, amma sai wanda yake da akwatinsa, kuma akwatin lafiyayye. Ya ce ya zo ranar Asabar a ji shi. Ƙanen mijina ya tsuguna a gaban Baba ya ce, "In aka ɗauke ni, wata ɗaya zan aiko da buhun hatsi daga kasuwar Dawanau." Baba ya dubi ƙasa, ya tashi ya yi alwala. A gidanmu wannan izini ne.

Alhamis da safe sai ga shi da mijina a ƙofar ɗakina, za su fitar da akwati a gwada. Na ce su dakata in goge masa ƙura. Na saki labule na zura hannu a ramin. Na farko ya fito, na biyu ya fito. Na uku na laluba ban ji shi a ƙasa ba. Ashe a bayan lasifika akwai wani ƙaton mayen ƙarfe, ya fizge gwangwanin ya manne da shi. Kan yatsuna kawai ke taɓa shi, kuma ina ƙoƙarin jawowa yana ƙara zamewa can baya.

"Yaya, wanka kike yi masa?" in ji shi daga waje. "Ba aure za a kai shi ba fa."

Na zare hannuna na ce su shigo. Da suka ɗaga na ji ɗan motsin geron a ciki, sassss, kamar an ja zane a kan tabarma. Su ba su ji ba. Na ce alhamdulillahi a raina, ka ji irin abin da na gode wa Allah a kai.

Garinmu ba wuta. Ƙanen mijina ya aro ƙaramin janareta wajen mai gidan kallo, da kwalbar fetur ɗaya tak, don man ma ba a samu. In ya ƙare, ya ƙare. Da hantsi aka girke akwatin a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Mijina ya tafi gona. Inna ta shimfiɗa tabarma a gefe tana tsinkar ganyen tafasa, wanda shi ne mahaɗin tuwonmu a lokacin. Shi kuma ƙanen ya tayar da injin, ya jona jita, ya murɗa maɓalli.

Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Wani zzzzz ne kamar an rufe ƙudan zuma a tulu, yana taɓa tsirkiya kuma duk gidan ya ɗauki kakkarwa. Kaji suka watse. Ya dafe kai.

"Da wannan zan je? Ai tun daga ƙofa za a ce in juya." Ya waiwayo. "Yaya, ajiye tsintsiyar nan ki zo ki ara mini kunnenki. Nawa gangunan otal sun kashe shi."

Na zo na durƙusa kusa da akwatin. Na ce ya yi shiru tukuna, kada ya kaɗa. Na saurara, na ce masa ai ƙara biyu ce, kada ya haɗa su. Akwai ta zuma, wadda take nan ko ya kaɗa ko bai kaɗa ba. Akwai kuma kakkarwa, ita sai ya taɓa tsirkiya take zuwa. A bi ɗaya a gama kafin a koma ɗaya.

"Kin ji, Inna? Da an kai ta makaranta da tuni injiniya ce."

"Da an kai ka gona da tuni mutum ne," in ji Inna, ba ta ɗago kai ba.

Muka fara da ta zuma. Na lura idan ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin sai ta ragu, in ya ɗauke ta dawo. Idan ya juya ya fuskanci janareta sai ta ƙaru. Na gaya masa. Ya ja injin ya kai shi bayan rumbu iya tsawon waya. Ta ragu, amma ba ta tafi ba. Na ce ya motsa wayar da ta haɗa jita da akwati, a hankali, daga wannan kai zuwa wancan. Yana zuwa kusa da ƙarshe na ji ƙat-ƙat. Na ce nan ne. Ya warware, ashe ɓera ya ɗan ci fatar wayar. Ya yanke wurin da reza ya sake haɗawa. Sannan ya ce a otal akan ɗaure wata waya a jikin ƙarfe a binne a ƙasa, ita ke kwashe irin wannan ƙugi. Ya samo guntun rodi ya kafa a gindin randa inda ƙasa ke da danshi, ya ɗaura waya daga nan zuwa jikin akwatin. Zuman nan ya yi tsit, sai ɗan abin da ni kaɗai nake ji.

Ya yi tsalle ya ce, "Wallahi in na yi kuɗi sai na sa wa kunnen nan 'yan kunnen zinare, ɗaya-ɗaya har huɗu."

"Kunnen biyu ne, raggo."

"Na zomo ai akwai fili."

Har Inna ta yi dariya. Ni ma na yi, da gaske, don na manta. Ka yarda da ni, na ɗan lokaci na manta da abin da ke ciki.

Sai muka koma kan kakkarwa. Wannan ba daga wuri ɗaya take ba. Na ce ya riƙa kaɗa tsirkiya ɗaya, ni ina zagaya tsakar gida. Na farko kwanon rufin rumfa ne, wata ƙusa ta saki, ya hau turmi ya ɗora dutse a kai. Na biyu sakatar ƙofar ɗakin Inna, na cusa mata tsumma. Jeren kwanukana da ke cikin ɗaki su ma suna amsawa, murfi na bugun murfi, na shiga na kife su a kan gado. Gilashin fitila. Ƙararrawar keken Baba da ke jingine a bango. Har wani noti a hannun ɗaukar akwatin kansa, ya ɗaure shi da sukundireba. Kowanne na kama sai ya ce, "Allah Ya ja da ran sarauniyar kunne," ni kuma ina ta fankama.

Muryar jitar ta fito tas, mai nauyi, mai daɗi, har na ga Inna tana kaɗa ƙafa ba ta sani ba. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta farko, ta biyu, ta uku, lafiya lau. Da ya zo ta huɗu, mai kaurin duka, ya danna can sama kusa da kan jitar ya ja.

Cakacakacaka.

Ya sake. Cakacakacaka.

Ba sai na matsa kusa ba. Gero ne a gwangwani, rabinsa, murfin kuma yana ɗan bugawa a kai. Da wake ne da na ce wake ne. 

"Saura wannan ɗan banzan," in ji shi. "Kuma a cikin akwatin yake, ni ma na ji. Yaya, zo."

Ya girgiza janaretan ya ji man da ya rage, ya ce ba zai kai mu azahar ba, wuri ɗaya za a iya buɗewa a gwada. Ya ɗauki sukundireba ya tsuguna. In ƙasa ne, sai ya kwance lasifikar gaba ɗaya ya fito da ita. In sama ne, sai ya cire murfin inda wayoyin suke. Har ya sa bakin sukundireban a kan notin farko na lasifika, sannan ya dakata ya dube ni.

"Sama ko ƙasa?"

Na kara kunnena a jikin akwatin kamar mai neman abin da ba ta sani ba. Daga nan ina ganin Inna. Taku huɗu ne tsakaninmu. Ina ganin ƙashin wuyanta, da hannunta a cikin tafasa, da 'yar ƙwaryar awonta a kife a gefen tabarma. Na ga yadda zai zaro lasifikar, gwangwanin madarata a manne a bayanta, ya ɓalle murfin a gabanta. Ba za ta zage ni ba, na san ta. Kallona kawai za ta yi.

"Sake kaɗawa," na ce. Ya kaɗa. Na ce ya ƙara. Ya ƙara.

"Daga sama take," na ce.

"Kin tabbata? Ni kamar ƙasa nake ji."

"Kai da ka ce ganguna sun kashe maka kunne?"

Ya yi dariya ya ce gaskiyata, ya ɗauke sukundireban daga kan notin.

A raina na ce zai buɗe sama, ba zai ga komai ba, mai zai ƙare, ni kuma kafin gobe in samo kara ko waya in zaƙulo abina. Iyakar abin da na nufa ke nan. Ban san ba a wasa da cikin abin nan yana kunne ba. Shi ya sani, amma mai na ƙarewa, kuma ni na ce daga sama take. Ya cire murfin, ya rataya jita a wuya, yana kaɗawa da hannu ɗaya, da ɗayan yana danna kayan ciki da sukundireba, ko zai dace da wanda ya saki. "Nan ne, Yaya?" In ce a'a. "Nan fa?" In ce matsa gaba. Sau uku ina ce masa matsa gaba.

A na huɗun hannunsa ya zame. Na ji tas, wuta shuɗiya ta yi tsalle, ya yar da sukundireban ya faɗi zaune yana yarfa hannu. Wani siririn hayaƙi ya taso mai warin ƙonannen gashi. Inna ta miƙe tana salati. Janareta na ta aikinsa a bayan rumbu, amma akwatin ya yi shiru. Ya murɗa duk maɓallan, ya ja tsirkiya, sai ɗan tim-tim na jitar ita kaɗai, wanda ko kaza ba zai kora ba.

Ya daɗe a zaune. Da ya ɗago, abin da ya ce shi ne, "Ba laifinki ba ne, Yaya. Hannuna ne." Na ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, na tafi na ɗauki tsintsiyata.

Ban sami damar zaƙulo komai ba, don a ɗakinsa ya kulle akwatin, washegari da asuba ya ɗora shi a motar birni ya kai wa mai gyara. Mai gyaran ya ce abin da ya ƙone daga waje ake kawo shi, kuma an daina kawowa. Ranar Asabar aka ɗauki wani. Lahadi da la'asar ya dawo, ba akwati ba jita, sai rabin buhun dawa a kansa. Ya ce mai gyaran ya karɓi akwatin don ya cire lasifikar ya yi amfani da ita, jitar kuma wani ya saya.

Ka ji ko? Don ya cire lasifikar. Ban sani ba ko a gabansa aka cire.

Abin da na sani shi ne, da Inna ta kwance bakin buhun, ya karɓi ƙwaryarta ya ɗebi ɗaya cike ya ajiye gefe, ya ce, "Wannan ta kunun yarinyar Yaya ce, kada a haɗa da ta gida." Bai dube ni ba. To amma yarinyar kowa yana ganin ƙafafunta, ba sai an buɗe akwati ba. Na yi ta juya maganar nan har na gaji.

Da rani ya bi masu zuwa Watari aikin tumatir, a can ya koyi noman da ya gudu ya bari, har ya sami tasa gonar. Yarinyar ta rayu, yanzu ita ma tana da jikoki. Inna ta rasu tana ce mini 'yar albarka. Gwangwanaye biyun da na fitar, a ranar da akwatin ya ƙone na juye su a turmin gida, tuwon ya yi auki, Inna ta ce da alama mun iso geron ƙasan rumbu mai kyau.

Shi yana nan da ransa, gemu ya yi fari, gidansa na bayan namu. Wasa bai fasa ba, har gobe raggo nake ce masa. In yana zaune shi kaɗai sai ka ga yatsu biyu na hannun damansa suna tafiya a kan gwiwarsa, bai ma san yana yi ba. Bara injin ban ruwansa ya fara wata ƙara, ya kawo shi ƙofar gida ya kwance yana ta fama tun safe. Ina daga cikin gida na san noti ne ya saki a wajen salansa, bututun hayaƙin nan. Na ji matarsa ta ce masa, "Ka kira Yaya mana ta saurara maka." Ya ce, "Ƙyale ta, ta huta." Na tsaya a bayan ƙofa da mayafi a hannu, ban fita ba.

Taku ashirin ne daga nan zuwa zaurensa, kuma gwiwoyina har yanzu suna kai ni. Kai da ka ji duka, in na je na tsuguna na faɗa masa, nauyi zan sauke masa, ko nawa zan ɗauka in ɗora masa?